Wadda Ta Zauna

Talata ce ranar hutuna.
Na sauka daga bas a Hull, a titin da ke gangarawa bakin ruwa,
yayyafi na tsikarar ƙeyata,
fam ɗari huɗu da sittin a aljihun rigar sanyi,
ladan dare goma sha bakwai
na juya tsofaffi a gado
don kada bayansu ya yi gyambo.

Kantin ɗan tsut ne, yana ƙamshin katako da waya mai ɗumi.
Ga jitocin lantarki an rataye su ta wuya, sahu sahu.
Mai kantin, Desmond Ackroyd, ya tambayi sunana.
Na ce Tasalla.
Ya tauna shi sau biyu kafin ya haɗiye,
ya ce in taɓa duk wadda raina ya so.

Na nuna ja.
Wata bakwai ina kallon hotonta a waya
lokacin da masu jinya ke barci.
Ya rataya mini ita.
Kai! Turmi ne aka yi wa kwalliya.
Kafaɗata ta hagu, wadda ke tallafe Misis Pickering kowace asuba,
ta ce: ni kuma? Har a ranar hutu?

Baƙar, wuyanta taɓarya.
Yatsuna gajeru ne, gadon uwata,
ƙaramin kuwa ƙofar mota ta taɓa datse shi a Zariya,
tun ran nan ya kan miƙa, ba ya isa.
Na miƙa shi. Bai isa ba.

Fara ta fi kowa tsada da fari.
Gefenta ya yi ta yankan haƙarƙarina,
in na saki hannu sai kanta ya sunkuya ƙasa
kamar mai gaida suruki,
in na ɗora ta a cinya ta zame
kamar yaron da ya ji an ɗora ruwan wanka.

Shida na gwada. Gumi ya keto mini a garin da ba rana.
Na fara neman jakata da ido.

Desmond ya ce, ki daina kallo.
Ya jawo kujera da ƙafa.
Zauna yadda kike zama a gida in ba kowa.
Na zauna, na karkace, na rufe ido.
Na ji tafiyarsa zuwa ɗakin baya,
na ji wani abu ya sauka a cinyata
bai nemi in gyara masa wuri ba.

Mara nauyi ce. Ƙugunta ya san nawa.
Inda damtsena ya kwanta akwai santsi, akwai ɗan kwari,
wani ya riga ni shekaru yana goge wurin da hannunsa.
Na kama wuyan, babban yatsa ya zagaye,
ƙaramin ya miƙa,
ya isa.

Da na buɗe ido: launin kunun tsamiya da ya kwana,
fenti ya ɗaye, ga tabon taba a kanta.
Da a bango na gan ta, da ko gaisuwa ba za mu yi ba.

Ya jona ta da lasifika. Aka ji gunjin zuma a cikin amya.
Na ja tsirkiya guda.
Sautin ya bi ta cikina kafin ya kai kunne,
ya daɗe bai mutu ba,
har wani yaro mai gwada ganga ya dakata.

Ban tambayi wane ne mai ita na farko ba.
Desmond ma bai faɗa ba, ya dai shafa tabon.

Canjin da ya rage na sayi maratayi mai faɗi
da abin sawa a kunne,
don maƙwabcina na ƙasa direban dare ne.

A bas na tsayar da ita tsakanin gwiwoyina.
Mun wuce tashata da biyu
ina danna yatsu a kan jakar.