Mece ce Ke a Wurinta?

Asibiti a Arequipa, ƙarfe uku na dare.
Ma'aikaciya ta ɗaga biro ba ta ɗaga ido ba:
"Mece ce ke a wurinta?"

Takardar layi huɗu gare ta:
miji, uwa, 'ya, 'yar'uwa.
Na duba sama, na duba ƙasa,
ban ga inda zan sauke shekara ashirin da bakwai ba.

Na ce, ni ce na san madara na tayar mata da zuciya.
Ni na san tabon gwiwarta ta hagu,
na ranar da keken ɗinki ya suɓuce mana a matakala.
Ni nake ƙirga numfashinta in barci ya ƙi ni.
Ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba dangantaka ba ce."

Sai suka kira ɗan yayanta daga Lima,
yaron da rabonsa da ƙofarmu shekara goma sha ɗaya.
Ya zo da asuba, ya sa hannu,
ya tambaye ni ko gidan sunanta yake ɗauke da shi.
Hermelinda na bayan gilashi,
ni ina kan benci da kwanon miya yana hucewa a cinyata.

Mai karɓar haraji bai taɓa tambayata wa nake so ba.
Akwatin zaɓe ya haɗiye ƙuri'ata bai shaƙe ba.
Da ƙasa ta girgiza, gini bai tsallake ɗakinmu ba,
kuma da hannun nan na tono maƙwabta.
Sai a bakin ƙofar nan kaɗai
na zama baƙuwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ku tambayi Rosaura mai gyaran gashi,
wadda banki ke kira da ƙarfi da sunan namiji,
sunan da ta binne tun tana goma sha tara,
layi duka ya juyo yana kallo.
Ku tambayi Wilber, malamin lissafi,
da aka sallama saboda hoton da ke cikin walat ɗinsa.

Ba alfarma muka zo nema ba.
Ba mu ce ku so mu ba, zuciya ba ta karɓar umarni.
Layi ɗaya ne a takarda.
Mabuɗin da ba za a ƙwace ranar makoki ba.
Suna na gaskiya a katin shaida.
Mudun da kuke auna wa kanku, shi ɗin dai,
kada a kankare namu.

Dutsen Misti ya yi fari da safe.
An turo ta a gado, za a wuce da ita hoto.
Ta buɗe ido, ta lalubo ni a cikin taro,
ta ce da muryar da ta kusa ƙarewa,
"Eufemia, kin ba kyanwa abinci?"

Ku rubuta wannan.
Ku nema masa layi.