Mai Tuta a Kwana Ta Shida

Asabar ce, bayan gari, kudu da Riyad.
Rana ba ta gama miƙewa ba, kwalta ta fara wari.
Kwana shida ina kwance ƙarƙashin motocin mutane a gareji,
yau kwana ta shida aka ba ni in tsare,
da rediyo, da gorar ruwa, da tutoci cikin bokiti.

Abu Mish'al ya tara su a inuwar rumfa,
likitan haƙori, ɗan banki, malamin lissafi:
"Nan ba a cin kofi, ba wanda zai tafa muku.
Ba a wuce mutum a kwana, sai a miƙaƙƙiya,
shi ma sai na gaba ya ba ka hannu.
Inshora ta rako ku bakin ƙofa, ta koma gida.
Abin da ka fasa, aljihunka ka fasa."

Sai aka hau zazzage motoci.
Fulas ɗin gahawa, darduma, kwalin dabino.
Nawwaf ya ciro kujerar jariri
ya aje ta jikin bango, bai ko waiga ba.

Motarsa ja ce, ledar kujera ba ta gama fita ba.
A miƙaƙƙiya takan yi kuka kamar an taka wutsiyar zaki,
a kwana kuwa sai ta rikice,
ta shiga da wuri, ta fito da faɗi.
Bayansa Wijdan, mai kantin magani,
cikin 'yar farar mota da ta girmi aurensa,
tana ɗinke kwana kamar mai bin zaren kalmasa.

Na ɗaga shuɗiya: akwai na bayanka, ba da hanya.
Zagaye ɗaya. Zagaye biyu.
Madubi uku gare shi, duk sun makance.
In ta matso, sai ya take mai ya tsere,
kwana ta zo, ta sake tarar da shi.
Girman kai rawanin tsiya ne, in ji mutanenmu,
yau na gan shi naɗe a kan hular kwano.

Na ji warin birkinsa tun kafin ya iso.
Wari ne da na sani, irin na tukunyar da aka manta a wuta.
Ya taka, feda ta tafi ƙasa ba gardama.
Gindin motar ya riga kanta.
Juyi ɗaya, juyi da rabi,
tsakuwa ta watso min har cikin bokiti.

Ban san sanda rawaya ta hau hannuna ba.
Abin da na sani, ita ta riga ta ɗaga ƙafa.
Tun zagaye na biyu ta bar masa tazarar mota huɗu,
ta karanta shi kamar takardar likita.
Ta ratsa ta gefensa a hankali,
ba hon, ba nuni da yatsa.

"Zauna ciki!" na ce masa. "Kar ka kwance bel
sai motar ja ta zo."
Hannunsa na rawa a kan sitiyari.
Fuskarsa ta yarinta ce, ashe.

Da azahar na same shi jikin bango,
zaune a ƙasa kusa da kujerar nan,
yana murza 'yar igiyarta da babban yatsa.
Wijdan ta miƙa masa ruwa, ta ce kawai,
"Man birkinka ya tafasa. A canza kafin wani zuwan."
Ya ce, "Na gan ki a madubi."
Ta ce, "Na sani."

La'asar na naɗe tutocina.
Motocin suka fita ɗaya bayan ɗaya,
da dabino, da darduma, kowa da siginarsa.
Jar na bisa motar ɗauka, ɗaure da sarƙa.
Shi yana gaba kusa da direba,
kujerar a kan cinyarsa.