Ku Bar wa Barmo Bakansa

Takardar ta iske ni hannu duk laka,
yaron kansila ya riƙe mini na karanta:
Laraba, ƙarfe goma, zauren ƙaramar hukuma,
zancen tsohon gidan awo na bayan Ƙofar Sauri.

Gidan awo, inda auduga ke hawa sikeli
ta sauko kuɗi.
Kakana Barmo ya ɗaura bakan gizonsa,
azara bisa azara, shekarar da fara ta cinye gero.
Aka sallame shi da gishiri da turmin akoko biyu.
Har gobe in ka ɗaga kai ta kusurwar gabas
za ka ga yatsunsa huɗu a cikin yaɓe.
Na biyar gatari ya ɗauke tun yana saurayi.

Na sa rigar Juma'a ran Laraba.
Fanka na juyi, iskarta ba ta sauko kan kowa ba.
Injiniya Mannir ya shimfiɗa zane bisa tebur,
ya ce bango lafiya lau,
rufin ne ya yi ƙasa.
Ƙwallon raga sama take so.
A sauke baka, a kafa ƙarfe, a buga kwano,
wata shida an gama.

Kansila Rabe ya ce matasa sun cika bakin titi.
Gaskiya ne.
Hajiya Tasalla ta sashen kuɗi ta ce kasafi ba danƙo ba ne.
Wannan ma haka.
Wani malamin tarihi ya miƙe, murya na rawa,
ya ce a kulle, a kafa allo, a bar shi yadda yake.
Aka tafa masa.
Ni ban tafa ba.

Shekara sha tara yana kulle, malam.
Na san abin da kwaɗo ke yi wa soro.
Kashin jemage har idon sawu,
indararo ya toshe, damina ta sami hanya,
gara na cin azara a natse kamar tuwon gidansu.
Ginin ƙasa numfashin mutane yake sha.
In babu mai shiga,
wa zai ga tsaga tun tana kaurin zare?

Ga kuma Sada, ɗan 'yata,
dogo kamar giginya, tafi kamar faifai,
a kangon wani yake buga ƙwallo.
Ran nan fasasshiyar kwalba ta raba masa diddige.

Da ciyaman ya ce, Baba magini, me ka gani?
sai da na nemi ruwa.
Na ce, ranka ya daɗe, sama kuke nema,
wanda ya rasa sama ya tambayi ƙasa.
Daɓen nan ciko ne, kamu huɗu,
an tada shi don baƙin mota ya zo daidai da ƙofa.
Ku haƙe shi.
Ku bar wa Barmo bakansa.

Injiniya ya cire tabarau. Tushen fa?
Na ce bisa marmara yake zaune,
kawo diga mu tambaye shi.

Mutum biyar suka ɗaga hannu, huɗu suka duba waya.
Sakatare ya rubuta: kwamiti.
An ɗage zama sai bayan salla,
bai ce wace ba.

Da la'asar ta yi sanyi muka bi ta tagar da ta faɗi,
ni da Sada, yana ɗingishi.
Jemagu suka watse.
Ya ce, Kaka, in gwada?
Ya cilla ta sama da dukkan ƙarfinsa.
Ƙasa ta zubo mana a hula.
Ƙwallon ta sami yatsun nan huɗu
ta dawo hannunsa.

Ya tsaya riƙe da ita, yana kallon sama.
Na ce, to, ya ba ka.
Mayar masa.