Tsakanin Ɗanye da Ƙauri

Ƙarfe biyu na dare a Hull,
na taso daga aikin tashar jiragen ruwa,
yatsuna sun ƙage.
Baƙin akwatin na kan tebur,
ba harshen wuta, ba garwashi,
maganaɗisu ke gasa ƙarfe a ɓoye.

Daren farko na murɗa shi ƙurewa, wat saba'in.
Kafin in ƙifta ido hular bututun ta ce ƙyas!
Na'a-na'ar da Tanimu ya shanya mini a taga
ta koma gawayi.
Ƙauri ya kwana uku a labule,
tsohuwa Maureen ta buga bango.

Na sauke shi talatin.
Na jira, na ƙirga motocin titin Hessle.
Na zuƙa: iska ce mai ɗan ɗumi,
kamar gaisuwar mutanen garin nan.

Yau arba'in da biyar,
bututun a ɗan karkace.
Daƙiƙa tara. Ƙyas.
Tururi siriri, ƙamshin lambu bayan ruwa.
Na zazzage ganyen a tafina,
launin soyayyiyar gyaɗa.

Wata huɗu rabona da sigari.
Na rubuta lambar a bayan takardar kuɗin wuta,
don na san hannuna,
gobe zai nemi ƙari.