Shinkafa a Cikin Gishiri

Wata uku da rasuwar Assunta
na zazzage kwalbar gishiri a tafin hannuna,
sai ga ƙwayoyin shinkafa, goma sha biyu cif.
Na ce, ashe ruɗewar tsufa ta kama ta ban lura ba.
Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na watsa wa tattabaru.

Kwana huɗu iskar teku tana shigowa ta taga,
gishiri ya sha raɓa, ya dunƙule kamar siminti.
Na girgiza, na buga, na zage shi tas,
ko ƙwaya bai ba ni ba.
Sai na zauna a kujerar kicin,
ni Carmine, da na ja taragon Napoli shekara talatin
ban taɓa take ko kyanwa ba,
ga shi shinkafa goma sha biyu ta kai ni ƙasa.

Daga nan gidan ya fara yi mini magana.

Aljihun tebur ya cije, na ja har kafaɗa ta amsa.
Can ƙuryarsa na tarar da guntun sabulu,
ya sirance kamar farce.
Na goga a gefen katako, ya zame sumul.
Shekara arba'in ina yabon kafinta a gaban baƙi,
tana zuba musu kofi, ba ta ce uffan ba.

Pasqualina, wadda igiyar shanyarmu ɗaya da ita,
ta hango ni zan jefar da burodin jiya.
Ta leƙo ta taga, da murya kamar ta mai tallan kifi:
"Kai! Wannan ba gawa ba ne, suma ya yi!
Yayyafa masa ruwa, sa shi a tanda minti biyar."
Ya farfaɗo kuwa, har da ƙamshi.
Ita ce ta ce in gitta cokalin katako a bakin tukunya
kada ruwan taliya ya yi bori,
in murza tukar kofi a hannu bayan na gyara kifi.
Na biyun ya yi.
Na farkon, wata rana ya yi, wata rana sai na goge murhu.

Matakala saba'in da ɗaya ce tsakanina da titi,
gwiwata ta san kowace da sunanta.
A bayan ƙofa akwai kwando da doguwar igiya
da na sha tsallakewa ina sauri.
Yanzu nakan zura shi daga baranda,
Ottavio mai kanti ya sa tumatir da albasa,
ya naɗe canjina a takarda,
in jawo kasuwa sama kamar mai jan guga.

Amma guda ɗaya tawa ce, ba wanda ya koya mini.
Hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba,
kullum taliyar mutum biyu yake damƙowa.
Na yi faɗa da shi har na gaji.
Sai na gane kwando ba dole ya kai ƙasa ba:
yana iya tsayawa a hawa na biyu,
tagar Rosaria, mai aikin dare a asibiti.
Faranti yana sauka da zafinsa,
ya dawo a wanke, da lemon tsami biyu a kai.

Ranar Lahadi jikata ta ɗaga kwalba ta kanga da haske,
"Kaka, akwai datti a gishirinka."
Na ce, bar shi nan, 'yar nan,
aiki yake yi.
Ƙirga mini dai ki gani,
sun cika goma sha biyu?