Ƙugiya a Kan K

Ni na buga dokar nan, har sau uku,
a ɗakin bayan cocinmu na Mabera,
kan tafiretar da ba ta san ƙugiya ba,
ƙarƙashin fanka mai juya zafi kamar tuwo.

Bugun farko layi ɗaya ne tak:
bishop in ya gaji, ya nuna mai kama masa.
Ba majalisa, ba ɗaga hannu.
Tsoho ya nuna ɗan ƙanwarsa.
Muka ce amin da baki,
ciki kuwa barkono a garwashi.
Shekara bakwai ana gaisawa da yatsa biyu.

Bugu na biyu, dattawa suka zo daga Zuru da Gusau,
kwana uku suna jan kalma ɗaya
yadda majemi ke jan fatar jar akuya,
har "zai naɗa" ta koma "zai gabatar".
Kalmar nan ta ci mana rago da buhun shinkafa.
Aka ƙara: sai biyu cikin uku sun yarda,
sai ya cika arba'in,
sai an san inda albashinsa zai fito.
Ta ƙarshen nan ma'aji ya cusa ta,
Lukka Ribah, mai ƙirga canji har cikin barci.

Ta wannan ƙofa Habila Senchi ya shigo.
Shekara sha ɗaya babur ɗinsa ya san hanya:
Illela, Wurno, Tambuwal, duk inda mutum goma suka taru.
Da damina ya ɗora shi a kwalekwale ya haye Rima.
Shi ke binne mana matattu,
shi ke tuna wa mai gida maganin suga.
Kowa ya ɗauka sandar tasa ce, jira kawai ake.

Sai lauya ya zo da jaka mai makulli.
Bugu na uku, sashe na sha huɗu:
mataimaki ba magaji ba ne;
ranar da kujera ta rasa mai ita,
aikinsa ya ƙare.

Da la'asar nake bugawa, yatsuna kamar na aro.
Habila ya shigo da shayi kofi biyu,
ya tsaya bayana yana karantawa.
Ya ce, "Magatakarda, injinka ya yi mini alfarma.
Ya rubuta kare. Wa zai kare ni?"
Ya zaro biro daga aljihun rigarsa,
ya lanƙwasa wa harafin kai da hannunsa,
ya hura tawadar, ya miƙo mini.
Shayina ya huce ban taɓa ba.

Tsoho ya rasu bayan girbi.
Aka zaɓi wani, mutumin kirki, ban ce a'a ba.
Habila ya ajiye makullin babur kan tebur
tare da rasiɗin mai na watan.

Yanzu albasa yake nomawa a fadamar Kware.
Bara na je, na same shi cikin laka har gwiwa.
Na ce, "Dokar nan ta cuce ka."
Ya ɗauraye hannu a kwata, ya daɗe bai tanka ba.
"Ka manta gaisuwar yatsa biyu?
Da na hau don na daɗe kusa da kujera,
da ni ma ɗan ƙanwar wani ne."
Ya cika mini buhu, ya ƙi karɓar ko sisi.

An ce za a sake taɓa sashen bana.
Yarinyar ofis, Rifkatu, tana da kwamfuta
mai sa ƙugiya da kanta, ba a roƙe ta ba.
Ta tambaye ni tsohon kwafi.
Na ce gara ta ci.
Yana cikin akwatina, ƙasan rigar Ista,
shuɗin biron bai dushe ba tukuna.