Karsana Uku

Daren Laraba hadari ya taso ta wajen Darazo,
ya yi tsaye kan gawon bakin rafi kamar mai jiran izini,
sannan ya sako.
Da asuba ƙasa na ƙamshi,
shinge sun cika ƙwaryar da Dudu ta manta a waje.

Kwana tara, harkiya ta huda ƙasa.
Ba ta kai harshe ya naɗo ba,
amma shanu sun ƙi dusa,
sun ƙi harawar da na ɗauko bashi,
suna bin kore da leɓe kamar masu tsintar tsaba.

Na ƙirga baki, na ƙirga fili.
Burtalin da mahaifina ya bi da garke ɗari
yau gonar masara ce, an ja mata waya.
Ciyawar bana ta baki goma sha biyu ce,
ni kuwa sha biyar gare ni.

Sai na ware uku:
Kyalla, da Wule, da 'yar Saige da ba ta da suna,
don Dudu ta ce sai ta haihu tukuna.
Su na tanada su gaji tsofaffin
ranar da hantsar Saige za ta ƙafe.

A tiken Soro, Barkindo dillali ya buɗe bakin Kyalla,
ya duba haƙori, ya danna ƙugu.
Sau huɗu ina cewa albarka.
A na biyar na dubi mai tayin,
wani dattijo daga Nafaɗa
da ciwon huhu ya share wa garke bara.
Bai dubi Barkindo ba. Wuyan ƙaramar yake shafawa.
Ya ce, “Da wane suna take amsawa?”
Na ce, “Ba ta amsa ba tukuna. Kai za ka sa.”
Na sallama.

Na komo da igiya uku a kafaɗa,
buhun taki biyu, ƙullin kanwa,
ruwa ya kama ni tun kafin kwanar gida.
Dudu ba ta tambayi nawa ba.
Cewa ta yi, “Sun sha ruwa kafin a ɗora su mota?”

Saige ta kwana biyu tana kira.
Yau da safe na bi ta turakun nan uku,
ciyawar wurin ta fi ta ko'ina duhu,
ta kai idon sawu,
kuma babu wadda ta sa mata baki.